Akwatin da Kwamfuta Ta Daina Gani

Yayana mutum ne da idan ka kai masa kwamfutarka ba ta da lafiya, kafin ya duba ta sai ya yi maka wa'azi. Shagonsa yana hawa na biyu a wani dogon gini mai cike da masu gyaran waya, tsakanin mai sayar da batura da wata mata mai buga takardu. Duk ginin babu mai kiransa da sunansa. Baƙin Allo suke ce masa, saboda kowace kwamfuta ta shiga hannunsa sai ya buɗe wata baƙar taga a kanta ya yi ta buga rubutu, fararen haruffa suna gudu sama, shi kuma yana gyaɗa kai kamar ana ba shi labarin gida. Wa'azin nasa ɗaya ne kullum: a bar tsarin tafiyar da kwamfuta irin wanda ake saya, a koma Linux, tsarin da kowa ke iya buɗe cikinsa ya ga yadda aka ƙera shi. Ni ƙanwarsa ce, koyarwa nake yi a makarantar firamare, kuma na sha wannan wa'azi har na iya shi da ka. Mijina ma idan ya hango shi a ƙofa cewa yake, "Ɓoye min kwamfutata, ga limamin nan ya iso."

Ya iya aikinsa, wannan ba zan ci amanarsa ba. Firinta ce ta ƙi magana da kwamfuta, ko kyamara, ko ɗan filas na ajiye bayanai, shi ake kawo wa bayan an gama yawo da ita. Yakan ce duk na'urar da aka soka a kafar USB sai ta fara gabatar da kanta, ta faɗi lambarta, sannan tsarin ya nemo mata direba, wato 'yar manhajar da ta san yarenta. In an samu matsala, to ko dai direban babu shi, ko ya tsufa, ko wani ya riga shi kama na'urar. A wurinsa duniya a nan ta ƙare. Abu ɗaya ne ba ya taɓawa, shi ne ƙarfen narka dalma. Yana ɗan shekara tara ya damƙi na Baba ta wajen zafin, tabon yana nan a tafinsa har yau, kuma tun daga ranar ya yi sallama da duk gyaran da ake yi da wuta.

Baba kuwa shekara arba'in da ɗaya ya yi yana gyaran rediyo. Tsakaninsa da Yaya kullum tsokana ce. Baba ya ce, "Wane irin gyara ne wannan da ake gamawa ba a wanke hannu ba?" Yaya ya ce, "Baba, zamanin dalma ya wuce, sai dai a ajiye ku a gidan tarihi." Su yi dariya, amma dariyar da ƙaya a ciki. Na daɗe da sanin Yaya yana so ko sau ɗaya Baba ya ce masa aikinsa aiki ne.

Ciwon Baba ya fara ne da faɗuwar sukurdireba daga hannunsa. Likita ya faɗi wani dogon suna, sannan ya yi mana bayani a taƙaice: ciwo ne mai cin jijiyoyin motsi ɗaya bayan ɗaya, ya bar hankali garau. Murya za ta tafi, hannu zai tafi, ba a san abin da zai rage a ƙarshe ba. Mu muka yi ta kuka. Baba, da yake mai gyara ne, lissafi ya zauna yi. Ya lura ƙafarsa ta dama ta fi ko'ina ƙarfi, sai ya sa aka kawo masa kayan aikinsa falo, ya fara haɗa wani ɗan akwati tun yatsunsa suna jin magana. Ya ciro ɗan allon lantarki daga tsohon abin wasan yara mai kafar USB, ya lanƙwasa wani siririn ƙarfe daga cikin rediyon kaset ya yi maɓalli da shi, mai laushin da ko tsinke ka ɗora sai ya danna. Ya liƙa wayar a ciki da dalma, ya sa ɗan jan fitila, ya rufe da gam. Aikin da a da zai gama kafin azahar, sati uku ya ɗauke shi. Shi ne abu na ƙarshe da hannunsa ya ƙera.

Yaya ya yi nasa rabin. Ya ɗora wata tsohuwar kwamfuta a kan tebur kusa da gadon Baba, ya koya wa tsarin gane akwatin, ya sa wata manhaja mai jera haruffa a allo. Wani haske yana bin haruffan ɗaya bayan ɗaya, idan ya zo kan wanda Baba ke so sai ya danna da babban yatsan ƙafa. Iyakar sanina, wannan ne aiki ɗaya tilo da suka taɓa yi tare.

Shekara ɗaya da wata biyu Baba yana magana da yatsan ƙafa. Kuma bai bar halinsa ba. Sai ya ɓata minti goma yana harhaɗa haruffa, mu duka mun yi cirko-cirko muna zaton wasiyya ce, a ƙarshe allo ya nuna, MIJINKI YA YI ƘIBA. Ko ya rubuta wa Yaya, JE KA YI ASKI. Da shi yake gaya mana inda ke masa ciwo, da shi ya zaɓa wa 'yar Yaya ta ƙarshe suna, da shi yake korar baƙin da suka daɗe. Muddin akwatin nan yana aiki, Baba yana cikin gidan tare da mu.

Ranar wata Talata da safe abubuwa biyu suka faru a ɗakin. Na zo na goge ƙasa, na tura gadon Baba mai taya gefe, na mayar da shi. Bayan fitata Yaya ya biyo kafin ya wuce shago, ya ga kwamfutar tana cewa akwai sabuntawa. Shi kuwa ba ya iya ganin wannan saƙo ya wuce, ko a kwamfutar baƙo ce, hannunsa ƙaiƙayi yake yi. Ya sabunta tsarin, ya kashe ya kunna, ya tafi. Da rana matar Yaya ta shiga da ruwa ta tarar haske yana ta zagaya haruffa, yatsan Baba yana ta dannawa, allo ko gezau.

Zan faɗa tun yanzu, don ni ban iya riƙe magana ba. Wayar ce. A cikin wayar USB akwai siraran wayoyi huɗu, biyu na kai wuta, biyu na kai saƙo. Tayar gadon da na tura ta taka ta, ɗaya daga cikin masu kai saƙon ta katse a ciki, robar waje kuwa ko ƙwarzane babu. Shi ya sa jan fitilar nan take ci lafiya lau. Ni na taka, ban sani ba. Yaya kuma bai san na motsa gadon ba, abin da ya sani shi ne ya sabunta tsari da safe, da rana na'ura ta ɓace. Ka tambayi duk mai irin sana'arsa a duniya, amsa ɗaya zai ba ka.

Ya dawo daga shago a guje, ya buɗe baƙar tagarsa. Ya buga umarnin da ke jero duk abin da ke soke a kwamfutar. Maus ya fito, allon rubutu ya fito, akwatin Baba babu shi. Ya buɗe littafin da tsarin ke rubuta duk abin da ya same shi, ya zare akwatin ya mayar. Layi ya fito cewa an ga sabuwar na'ura, sai layi na biyu: an kasa karanta bayaninta, kuskure mai lamba saba'in da ɗaya. Tsarin ya sake gwadawa sau uku ya haƙura.

"Kin gani ko?" ya ce min, har da ɗan murmushi. "Yana ganinta, direban ne ya rikice. Ni na jawo, ni zan gyara. Baba, ka ba ni zuwa gobe."

Gobe ta zo ta wuce. Ya canza kafa, ya gwada duka huɗun. Ya sa na'urar bayan wani ɗan akwatin raba kafa mai wutar kansa. Ya hana tsarin kwantar da kafofin USB don tanadin wuta. Ya sake rubuta dokar da ya yi wa akwatin tun farko, harafi da harafi. Ya ɗauki akwatin ya kai shago ya soka a tasa kwamfutar, ta ba shi lamba saba'in da ɗaya. A nan ne ya kamata ya tsaya ya yi tunani, amma tasa ma ya sabunta ta a satin, don haka sai abin ya ƙara tabbatar masa da zatonsa.

A kwana na huɗu likita ya zo dubiya, ya riƙe ƙafar Baba ya ce ya danna masa hannu. Da muka raka shi mota ya ce, "Yatsan nan ya fara rauni. Ba zan ce muku wata nawa ba, don ban ga alamar za a kai wata ba. In akwai abin da kuke so ku ji daga gare shi, yanzu ne." Yaya ya koma ciki ya rufe shagonsa ta waya, ya ce wa mai batura duk wanda ya zo a ce masa ya yi tafiya.

Abin da ya ƙarasa mu ya faru a kwana na shida. Yaya ya ɗora tsohon tsarin a kan filas, ya tayar da kwamfutar da shi. Garin jawo tebur kusa, wayar ta kwanta a wani yanayi da bakin da ya katse ya haɗu. Akwatin ya fito a jerin. Yaya ya yi ihu har matarsa ta fito da ludayi a hannu. Kafin ya buɗe manhajar haruffa ya gyara wa Baba ƙafa, wayar ta motsa, na'urar ta sake ɓacewa. Minti huɗu ke nan. Daga ranar babu wanda ya isa ya ce masa ba tsarin ba ne. Ya ga ta yi aiki a tsoho da idonsa. Ya shiga sauko da tsoffin tsare-tsare ɗaya bayan ɗaya yana neman daidai inda aka ɓata direban, yana rubuta lambobinsu a bayan kalanda.

Na ce masa, "Yaya, don Allah mu ɗaura masa maus a ƙafa mana, kafin ka gama." Muka gwada. Maus ya yi wa yatsan tauri, Baba ya yi ta matsawa har gumi ya keto masa, bai danna ba. Na ce to a buɗe akwatin a ciro maɓallin a haɗa shi da wani abu. Yaya ya kalle ni kamar na ce a haƙa kabari.

"Aikin Baba za ki sa in fasa? Fitila tana ci, ke ba kya gani? Lafiyarsa ƙalau. Aikin Baba ba ya lalacewa, nawa ne ya lalace."

Na yi shiru, don na ji daɗin maganar har cikin raina, kuma wannan shirun yana cikin abubuwan da ban yafe wa kaina ba. Ya yi odar sabon allon lantarki irin na cikin akwatin daga nesa, aka ce sati uku zai iso.

Ya rubuta matsalar a wani dandali na masu amfani da tsarin. Mutanen kirki ne, ban ga laifinsu ba. Wani ya ce ya ƙara kaza a layin tayar da kwamfuta, wani ya ce ya cire direban ya sake lodawa, wani ya ce ya turo littafin tsarin gaba ɗaya. Har akwai wanda ya rubuta layi ɗaya tak, ya ce a gwada wata wayar. Yaya ya amsa masa cikin ladabi cewa wayar a liƙe take, kuma na'urar ta yi aiki a tsohon tsari, don haka ba ita ba ce. Ya wuce zuwa amsa ta gaba, mai tsawo da lambobi, irin wadda yake girmamawa.

Duk wannan lokaci Baba yana kwance taku biyu daga wurin, idonsa biyu. Mun koma tsohuwar hanya, in riƙe ƙafarsa in yi tambaya, motsi ɗaya i, biyu a'a. Amma i da a'a ba sa amsa sai abin da aka tambaya. Me muke tambayarsa? Ruwa? A juya ka? Filo ya yi tudu? A kira likita? Mutumin da ya shekara arba'in da ɗaya yana bin waya da yatsa yana gano inda ta mutu, mutumin da ya ƙera akwatin da hannunsa, babu wanda ya tsuguna ya ce masa, Baba, a ganinka mene ne? Mun riga mun mayar da shi majinyaci. Ban san ranar da muka yi hakan ba, amma mun yi, ni da Yaya da kowa.

Akwai wata safiya da yatsan ya yi ta motsi ba tsayawa. Na jero duk tambayoyina, a'a, a'a, a'a. Yaya ya juyo daga kan kwamfuta, idanunsa sun yi ja, ya ce, "Baba ka yi haƙuri, direba ne, na kusa wallahi." Yatsan ya motsa sau biyu a hannuna. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya gaji da ni, yana da gaskiya." Ya koma ya ci gaba da bugu. Har yau ban san wace magana Baba ya ce wa a'a ba, kuma babu sauran wanda zan tambaya.

Yaya ya rame. Matarsa ta kai masa abinci ya bushe a gefen kwamfuta. Wanda ke cika gida da surutu ya koma ba ya magana sai da allo. Wani lokaci in ji yana cewa a hankali, "Ga ki nan ina ganinki, me ya sa ba za ki faɗi sunanki ba?" Tsoro ya kama ni, na rasa wanda zan fi jin tausayi a cikinsu. Motsin yatsan kuwa kullum raguwa yake. A kwana na sha bakwai sai na rufe ido nake jin sa. A kwana na ashirin na riƙe ƙafar har hannuna ya gaji, ban ji komai ba. Na ce wa kaina barci yake ji. Ban gaya wa Yaya ba.

A kwana na ashirin da uku Kawu Mai Fanka ya zo gaisuwa. Abokin Baba ne tun suna samari, shagonsu a jere yake, shi fanka da dutsen guga yake gyarawa, bai san komai a kan kwamfuta ba, ba ya ma son sani. Ya zauna bakin gado yana ba Baba labarin waɗanda suka mutu da waɗanda suka ƙi mutuwa. Yana magana hannunsa ya kai kan wayar akwatin, ya shiga murza ta tsakanin babban yatsa da manuni yana bi a hankali, ba da wata niyya ba, sabo ne kawai irin na tsofaffin masu gyara. Da ya kai kamar kamu biyu daga akwatin sai ya tsaya. Ya koma baya, ya sake murzawa.

"Kai, ɗana, wayar nan ai a karye take."

"Kawu, fitila tana ci," in ji Yaya, bai ko juyo ba.

"Fitila ta ci mana. Ni dai yatsana ya faɗa rami a nan. Wani abu mai nauyi ya taka ta. Ba ni reza."

Da ya ce mai nauyi, idona ya sauka kan tayar gadon. Kawu ya tsaga robar. Ja, baƙa da fara suna nan lafiya, koriyar ta rabu biyu, bakunanta suna kallon juna. Na ɗauko kayan aikin Baba daga ƙarƙashin kabad. Kawu ya miƙa wa Yaya ƙarfen dalma, Yaya ya kalli ƙarfen, ya kasa karɓa. Kawu ya liƙa da kansa, ya naɗe da tef. Ruwan shayin da matar Yaya ta ɗora masa bai ma tafasa ba.

Yaya ya soka. Baƙar tagar ta rubuta sunan na'urar da lambarta, ta ce an ba ta direba, babu kuskure ko ɗaya. A kan sabon tsarin, wanda ya kwana ashirin da uku yana zagi. Ya buɗe manhajar, haske ya fara bin haruffa. Ya durƙusa ya saka akwatin a ƙarƙashin yatsan Baba, ya gyara, ya sake gyarawa.

"Baba, ya dawo. Bismillah, ka yi magana."

Haske ya zagaya haruffan sau ɗaya, sau biyu, sau biyar.

"Baba, ka san waya ce? Tun ranar farko ka sani? Danna sau ɗaya kawai."

Na ce, "Yaya, kwana uku ke nan ba ya motsi. Kuma ni na tura gadon ranar." Ban san ko ya ji ni ba. Ya mayar da akwatin ƙafar hagu. Ya sa shi ƙarƙashin kowane yatsan hannu. Ya tallafe shi a ƙarƙashin haɓar Baba yana cewa ko kaɗan ne, Baba, maɓallin da laushi, kai ka yi shi. Kawu Mai Fanka ya tashi ya fita tsakar gida, na ji yana fyace hanci.

Baba ya ƙara wata huɗu a duniya. Kowace safiya kafin ya tafi shago Yaya yakan shigo ya kunna kwamfutar, ya duba jerin ya tabbatar akwatin ya fito, ya saka shi ƙarƙashin ƙafar. Matarsa ta roƙe shi ya daina, likita ma ya ce wataƙila abin yana ƙara wa Baba damuwa ne. Yaya ya ce idan jijiyar ta farka ko na minti ɗaya ne, ba zai so ta tarar da allo a kashe ba. Ni ban goyi bayan kowa ba, don ni ce mai zama a ɗakin bayan an tashi daga makaranta, kuma ni na ga abin da ban gaya musu ba. Idan haske ya fara tafiya, idanun Baba sukan bi shi harafi bayan harafi. Can sai su tsaya a kan wani. Haske ya zo kansa, ya ɗan dakata yana jira, ya wuce. Baba ya ci gaba da kallon harafin nan har hasken ya zagayo.